Mai shan maganin tsinka jini da motsa jiki: ina haɗarin yake?

Ina da wani kawu, tsohon direban babbar mota, wanda ƙafarsa ta hagu ta kumbura bayan wata doguwar tafiya daga Legas. Sharaɓar ta yi tauri, ta ɗauki zafi, ko silifas ba ya shiga. Da aka kai shi asibiti aka yi hoton ƙafar, sai aka ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya can ciki. Aka yi masa allurai a fatar ciki na 'yan kwanaki, aka ɗora shi kan warfarin, wani maganin tsinka jini. Ranar da za a sallame shi, ma'aikaciyar jinya ta ce masa, "Baba, ka kiyayi jin rauni, don yanzu jininka ba zai tsaya da wuri ba." Wannan jumla ɗaya ya riƙe ya tafi da ita gida. Mutumin da a da yake takawa har masallacin Juma'a ya koma zaman tabarma a zaure, daga nan sai bayi sai ɗaki. Bayan kusan wata biyu na je gaishe shi, na ce, "Kawu, yaushe rabonka da ka zagaya unguwa?" Ya ce, "Ɗan nan, an ce jinina ya zama ruwa. In na yi tuntuɓe fa?"

Abin da ma'aikaciyar ta faɗa gaskiya ne. Amma zaman da Kawu ya zaɓa shi ne ainihin abin da ya jawo masa ciwon tun farko, wato ƙafa a naɗe na awoyi ba motsi. Ya gudu daga wani haɗari ya faɗa cikin wanda ya fi kusa da shi. Irinsa suna da yawa, shi ya sa na ga ya kamata a warware maganar.

Sunan da muke kiran magungunan ma yana taimakawa wajen tsoratarwa. Ba sa mayar da jini ruwa, kaurinsa yana nan yadda yake. Abin da suke yi shi ne jinkirta daskarewarsa. Idan mutum ya yanke, abu biyu ke faruwa. Da farko wasu ƙananan ƙwayoyin jini, da ake kira filatilet, suna ruguwa bakin raunin su manne da juna su toshe shi. Daga nan wasu sinadarai da hanta ke haɗawa su saƙa wani zare kamar raga a kan toshin, ya yi ƙarfi. Asfirin da clopidogrel suna rage mannewar ƙwayoyin ne. Warfarin da heparin da sababbin nan, rivaroxaban da apixaban da dabigatran, suna rage saƙar ragar. Ke nan raunin da zai tsaya cikin ɗan lokaci zai ɗauki lokaci mai tsawo. A fata wannan ba wani babban abu ba ne, ka danna ya tsaya. Matsalar tana inda hannu ba ya kaiwa.

Tarihin warfarin kansa daga shanu ya faro. A shekarun 1920 makiyaya a arewacin Amurka da Kanada suka ga shanunsu suna mutuwa da zubar jini, da yawa bayan an yanke musu ƙaho ko an yi musu fiɗiya. Aka gano wata busasshiyar ciyawa ce da ta yi fumfuna suke ci. A 1933 wani manomi ya kai wa masanin sinadarai Karl Paul Link, a Jami'ar Wisconsin, jinin saniyarsa a cikin garwar madara, jinin ya ƙi daskarewa. Daga binciken nan aka samo warfarin, aka fara sayar da shi a 1948 a matsayin maganin ɓera, sannan a 1954 aka amince a ba mutane. Shugaban Amurka Eisenhower ya sha shi bayan ciwon zuciyar da ya same shi a 1955. Abu ɗaya ne, awo ne ya raba guba da magani, kuma har yau haka warfarin yake. Shi ya sa ake yi wa mai shansa gwajin jini da ake kira INR. Wanda ba ya shan komai awonsa yana wajen 1. Yawancin masu shan warfarin ana so nasu ya tsaya tsakanin 2 da 3, wasu masu bawul ɗin ƙarfe a zuciya, wato ƙofar jini ta ƙarfe da aka sa musu da tiyata a madadin tasu da ta lalace, kuma tsakanin 2.5 da 3.5. In ya faɗi ƙasa, gudan jini zai iya dawowa. In ya haura sama sosai, ko ba a taɓa mutum ba jini zai iya ɓallewa.

Sababbin magungunan ba sa buƙatar wannan gwaji a kai a kai, amma ba kowa suka dace da shi ba. Mai bawul ɗin ƙarfe warfarin ne nasa. Haka kuma wani babban bincike mai suna INVICTUS da aka fitar a 2022, wanda ya ƙunshi fiye da mutum 4,500 a Afirka da Asiya da Latin Amurka, ya nuna cewa masu ciwon bawul irin wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, tare da rikicewar bugun zuciya, sun fi samun lafiya da warfarin a kan rivaroxaban. Wannan ciwo yana da yawa a ƙasashenmu, kuma matasa yake kamawa. Don haka a wurinmu mai shan maganin tsinka jini ba lallai dattijo ba ne. Yana iya zama saurayi ɗan shekara 22 da ke son komawa filin ƙwallo, ko mai jego da zuciyarta ta kumbura bayan haihuwa.

To me ya sa za a ce irin waɗannan mutane su motsa jiki? Jinin da ya sauka ƙafa ba shi da wata zuciya a can da za ta turo shi sama, naman sharaɓa ne ke matse jijiyoyi duk lokacin da aka taka, jinin ya hau. In an daina takawa sai ya kwanta, jinin da ya kwanta kuma shi ke daskarewa. A da likitoci kan kwantar da mai gudan jini a ƙafa na kwanaki, suna tsoron kada gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Daga baya aka gane cewa da zarar magani ya fara aiki, tashi a yi tafiya da wuri ba ya ƙara wannan haɗari, kuma yana rage kumburi da ciwo. Sauran masu shan maganin kuwa, masu rikicewar bugun zuciya da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, yawancinsu suna fama da hawan jini ko ciwon suga ko ƙiba, kuma duk waɗannan motsa jiki na rage su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiyar da za ta sa ka ɗan haki amma kana iya magana, da kwana biyu na ƙarfafa gaɓoɓi. Shan wannan magani bai cire mutum daga wannan shawara ba.

Tsoron faɗuwa, wanda shi ne ya zaunar da Kawu, an taɓa auna shi. A 1999 wasu likitoci a Kanada suka yi lissafi a kan tsofaffi masu rikicewar bugun zuciya, suka ga sai mutum ya faɗi kusan sau 295 a shekara kafin haɗarin taruwar jini a kai ya rinjayi amfanin da warfarin ke yi masa wajen hana shanyewar jiki. Lissafi ne na jimlar mutane, bai ce faɗuwa ɗaya ba za ta iya yin illa ba. Amma ya nuna yadda muke kambama wani tsoro mu manta da wani. Ga shi kuma wanda ya daina tafiya ƙafafunsa suna yin sanyi, ya rasa daidaituwa, ranar da ya zo tsallake kwata sai ya kifa. Dattijon da ke takawa kullum ya fi tsayuwa da ƙafarsa.

A ganina tambayar da ta kamata mai shan maganin nan ya yi wa kansa kafin kowane wasa ita ce: a nan me zai iya buguna, kuma in na faɗi daga ina zan faɗo? Yawan gumi ko haki ba shi ke jawo zubar jini ba. Mutum zai iya yin tafiyar kilomita biyar da sauri, ya yi sassarfa a fili mai laushi, ya tuƙa keken motsa jiki na girke, ya yi ninƙaya in ya iya, duk ba tare da wani abu ya taɓa shi ba. Amma minti biyu a filin dambe sun ishe shi, domin dambe gaba ɗayansa neman kai ne da fuska har a yi kisa. Kokawa ma kayarwa ce a ƙasa. Waɗannan biyun babu maganar sassauci a kansu muddin ana kan magani.

Ƙwallon ƙafa ita ce ta fi wuyar faɗa wa matashi, don ba ya ganinta a matsayin faɗa. Amma a tuna yadda ake tashi sama a sa kai, mutum biyu su yi karo goshi da ƙeya, ko gwiwar hannu ta sami haƙarƙari, ko mai tsaron gida ya faɗa ƙafafun mai kai hari, a filin da babu ciyawa sai tsakuwa. Zai iya zuwa atisaye ya yi gudu, ya yi 'yar ba-ni-in-ba-ka da abokai, ya buga ƙwallo a raga. Wasa na gaske da ake tare mutum a kwashe shi, wannan ya jira har likita ya ce an gama magani. Hawan doki ma haka, musamman sukuwa a lokacin hawan Sallah, inda dawaki ke cunkushe ga kwalta a ƙasa. Sai kuma abin da ba ma lissafa shi cikin wasanni amma ya fi su kai mutane asibiti, wato babur. Ban ga amfanin mutum ya bar ƙwallo saboda magani ba, sannan ya hau bayan ɗan acaɓa ba hular kwano. Keke ma, in za a hau titi da shi, a sa hula.

Dalilin da ya sa nake ta nanata kai shi ne ƙoƙon kai akwati ne rufaffe. Jinin da ya zuba a cinya yana da wurin bazuwa. Wanda ya zuba tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙashi ba shi da inda za shi, sai dai ya danne ƙwaƙwalwar. Akwai wasu siraran jijiyoyi da suka ratsa daga saman ƙwaƙwalwa zuwa rufinta, kuma da shekaru suka ja ƙwaƙwalwa takan ɗan tsuke, jijiyoyin su miƙe kamar igiyar da aka ja, ƙaramin girgiza ya tsinka su. Jinin yakan tsiyaya a hankali. Mutum zai faɗi a makewayi, ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya ce babu komai, ya ci abinci, ya yi hira. Bayan awoyi, ko kwanaki, wani lokaci ma makonni, sai ciwon kai da ke ƙaruwa, amai, yawan barci, rikicewar magana, ko hannu ɗaya ya yi nauyi. A gidajenmu da yawa a nan ne ake cewa tsufa ne, ko iska ce, a tsaya ana tofi har lokaci ya ƙure. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Duk mai shan warfarin ko ɗaya daga cikin sababbin nan da ya bugu a kai, ko da bai suma ba, ko da babu jini a waje, a kai shi a ranar, a gaya wa likita sunan maganin tun daga bakin ƙofa. Sau da yawa za a buƙaci hoton kai na CT, wanda sai a manyan asibitoci ake samu, don haka yana da kyau iyali su san tun yau inda mafi kusa da su yake.

Ɗaga ƙarfe ba haramun ba ne, amma akwai yadda ake yi. In mutum ya riƙe numfashi ya yi nishi don ɗaga abu mai nauyi, hawan jininsa kan yi tsalle na 'yan daƙiƙu. A 1985 masu bincike a Kanada sun auna wani mai ɗaga ƙarfe yana tura nauyi da ƙafafu, awonsa ya kai 480 bisa 350. Lafiyayyen matashi yana jure wannan, amma mai hawan jini da ke kan maganin tsinka jini bai kamata ya gwada ba. A ɗauki mara nauyi a maimaita sau da yawa, a fitar da numfashi lokacin ɗagawa. Wannan ya shafi mai ɗaukar buhun masara da mai tura kura kamar yadda ya shafi mai zuwa gidan motsa jiki. Yunƙuri mai tsanani yana iya yaga nama a bangon ciki ko can cikin ƙugu, jini ya taru ba a gani. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a wuri ɗaya, da kumburi mai tauri, wani lokaci da jiri. Manomi kuma ba sai an ce masa ya motsa jiki ba, nasa ya ishe shi, abin da yake buƙata takalmi ne rufaffe da kula da lauje da gatari, ya kuma bar wa yara hawan bishiya.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro, domin a nan ne mai kiyayewa ma yake faɗawa. An yi tafiya, jiki ya yi tsami, sai a aika yaro kemis ya karɓo haɗin ciwon jiki. A cikin ƙullin nan da wuya a rasa diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam. Waɗannan suna cin bangon ciki, suna kuma rage aikin filatilet, in suka haɗu da warfarin an rufe wa jini hanyoyin tsayawa guda biyu a lokaci ɗaya. Garin Alabukun ma asfirin ne a cikinsa mai yawa. Farasitamol shi ne ya fi aminci, shi ma in za a sha kullum na kwanaki a sanar da likita. Flagyl da Septrin, waɗanda mutane ke saye kamar gyaɗa, suna iya harba INR sama cikin 'yan kwanaki, rifampicin na masu tarin fuka kuma yana karya ƙarfin maganin. Sai wanzami. Ƙaho tsaga ce da zuƙo jini, mai wannan magani ya haƙura da shi. In an yi targaɗe, jan da maɗori zai yi da murzar da zai yi suna iya mayar da ƙaramin rauni babbar taruwar jini. Ƙafar da ke da gudan jini kuma ba a yi mata tausa ko kaɗan.

Akwai wata dabara da ke zuwa wa matasa a rai: in daina sha kwana biyu, in buga wasan, in ci gaba. Kada a yi. Sababbin magungunan ƙarfinsu yana raguwa da rabi cikin awa 12 ko kusa da haka, ke nan tsallake kwana ɗaya ya bar mutum kusan ba kariya. Warfarin kuwa yana daɗewa a jiki, wanda ya daina jiya har yau jininsa bai dawo daidai ba, sannan in ya koma sha sai ya ɗauki kwanaki kafin ya daidaita, ya yi asara ta kowane ɓangare. Ga mai bawul ɗin ƙarfe, gudan jini a kan bawul ɗin maganar rai ce. Manyan 'yan wasa ma da ke da likitoci a gefensu ba sa wasa da wannan. Victor Wembanyama, ɗan Faransa mai buga ƙwallon kwando a Amurka, ya ajiye sauran kakar wasa a Fabrairun 2025 da aka ga gudan jini a kafaɗarsa ta dama. Chris Bosh, shi ma ɗan ƙwallon kwando a Amurka, ya samu gudan jini a huhu a 2015, ya sake samu a ƙafa a 2016, daga nan bai ƙara buga wasan gasa ba. Serena Williams kuwa, 'yar wasan tenis, da gudan jini ya je mata huhu a farkon 2011, ta dawo ta ci Wimbledon da zinaren Olamfik a 2012. Wanda aka rubuta wa maganin na wata uku ko shida, haƙurinsa mai iyaka ne. Wanda zai sha har ƙarshen rayuwa, shi ne zai nemi wani wasan da zai so.

Yanayinmu ma yana da nasa. A zafin Maris zuwa Mayu gumi yana ƙarar da ruwan jiki, jiri ya ɗebi mutum, don haka a fita bayan asuba ko da yamma liƙis, a riƙe ruwa. Mai azumi ya bari sai bayan buɗa-baki, ya kuma zauna da likitansa kafin watan ya kama a tsara lokutan sha, domin apixaban sau biyu ake sha a rana, rivaroxaban kuma da abinci yake shiga jiki yadda ya kamata. Da hunturu hanci yana bushewa, haɓo ya yawaita. In ya zo, a zauna a sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan wurin hanci minti 10 zuwa 15 ba sakewa, in bai tsaya ba a tafi asibiti. Yanka ma haka, tsumma mai tsabta, dannawa da ƙarfi, ba a ɗagawa ana leƙe. Inda aka bugu jini ya kwanta, a naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora, a ɗaga wurin sama. Bayan gida baƙi kamar kwalta, fitsari ja, aman jini, ko jinin al'ada da ya wuce kima, duk na asibiti ne a ranar. Haka numfashi da ya sarƙe farat ɗaya ko ciwon ƙirji ana cikin tafiya.

Mutane da yawa kan haɗa fara motsa jiki da sauya abinci, su koma cin ganye. Ga mai warfarin wannan yana taɓa awo, saboda maganin yana aiki ne ta hanyar tare bitamin K, wanda ke cike a alayyafo da kabeji da latas da sauran ganyaye kore. Ba a ce a daina ci ba, a dai riƙa ci daidai gwargwado kowane mako, kada yau a cika kwano da kwaɗo sannan a yi wata guda ba a taɓa ba. Duk wanda ya sauya yawan motsinsa ko cimarsa sosai, ya matso da ranar gwajin INR kusa.

Da muka koma asibiti da Kawu, likitan ya ce ya fara da minti goma safe da yamma, ya riƙa ƙara kaɗan duk mako. Muka sayo masa takalmi mai igiya a madadin silifas ɗin da ya siɗe, aka shimfiɗa buhu a wurin alwalarsa inda siminti ke santsi, aka sa ƙwan fitila a hanyar bayi. Na yanko kwali na rubuta sunan maganin da yawan da yake sha da lambar wayar babban ɗansa, yana sa shi a aljihun gaba tare da carbinsa. Makon farko iyakarsa bakin titi ya dawo. A wata na biyu ya koma takawa masallacin Juma'a, yana bin gefen da babu 'yan acaɓa, jikansa na biye da shi riƙe da darduma.